Rumfar Sauraro

Ga ta nan, ga ta nanku.

Na ji kun ce ta zo ku ji ta. To ku riƙe wannan alkawari da kyau, domin a garin da zan kai ku ba a taɓa samun wanda ya cika shi ba.

A fadamar nan da ke shimfiɗe tsakanin Haɗejiya da Nguru, inda kogi ke rarrabuwa ya ɓace cikin ciyawa kafin ya sake haɗa kansa ya nufi Gashuwa, akwai wata tsohuwar tsamiya a bakin ruwa. Gindinta ne dandalin dabbobin yankin. Zaki ya daɗe da barin wannan ƙasa, giwa ma haka, mai son ganinsu sai ya kama hanyar Yankari. Saboda haka babu sarki a gindin tsamiya, babu mai cewa wane yi shiru wance ta gama. Da la'asar ta yi sanyi sai kowa ya fito da bakinsa, kunnuwa kuwa a baro su a gida.

Kada ku ɗauka mugaye ne. Ana gaisawa a garin, gaisuwar ma ta fi ta ko'ina tsawo. Sai dai in Kurege ya ce maka "Ina gajiya?" kada ka wahalar da kanka da amsa, don ba gajiyarka yake tambaya ba, ƙofa yake buɗe wa tasa. Kafin ka ce "Ba gajiya" ya riga ya kai ga ramin da ya haƙa da safe da tsakuwar da ta karya masa farce.

Wata rana Bushiya ta zo dandali idanunta jajawur, ta ce, "Jama'a, autana ya kwana da zazzaɓi, jikin nan nasa kamar..."

"Zazzaɓi?" in ji Kura. "Ke dai ba ki ga zazzaɓi ba. Ni wanda na yi bara da kaka, ƙashin da na yi matashi da shi sai da ya dahu. Kwana tara ban sa komai a bakina ba, in ban da wata 'yar akuya."

Dila, malamin daji, ya gyara zama ya yi gyaran murya. "Zazzaɓi kashi bakwai ne," in ji shi. "Lokacin da nake gabas neman karatu, malaminmu ya dube ni a cikin almajirai ɗari ya ce, kai kaɗai za ka riƙe wannan sirri." Daga nan ya shiga labarin malamin, da irin son da yake masa, da hassadar sauran almajirai. Har magariba ta faɗi bai kai ga kashi na farko ba. Bushiya tana tsaye da "kamar" ɗinta a baki. Da duhu ya yi ta haɗiye ta, ta tafi gida.

Damo kaɗai ne ba ya cewa uffan. Kullum yana kwance a kan saiwar tsamiya, ido rabi a rufe, yana gyaɗa kai. Shi ya sa ake masa kirari da sarkin haƙuri, ana cewa da kowa kamar Damo ne da gari ya zauna lafiya. Ku ajiye Damo a gefe, za mu dawo kansa.

To a garin akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi. Damina ta sauka, shuka ta fito amma ba ta nuna ba, rumbuna sun yi ƙasa, lokacin da tukunyar malalaci ke kwana a kife. Gizo kuwa kun san shi da fartanya, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Yana yawon neman abin da zai lasa, sai ya ji murya a bayan wata goruba. Ya laɓe. Ashe Bushiya ce tsaye gaban gorubar tana ba ta labarin zazzaɓin autanta tun daga farko, tana yi tana share hawaye. Da ta gama ta yi ajiyar zuciya, ta ce wa gorubar, "Na gode," ta wuce.

Gizo ya daɗe a tsaye. Sai ya ruga gida.

"Ƙoƙi! Na gano abin da ya fi gishiri tsada a garin nan."

"Mene ne kuma, maigida?"

"Kunne."

Washegari ya shiga fadama ya yanko kacala, ciyawar nan doguwa da ta cinye bakin ruwa, wadda ba mai hana ka yanka don kowa neman kai yake da ita. Ya kafa rumfa dab da gindin tsamiya, a kwari, inda jama'a ke wucewa. Ya shimfiɗa tabarma biyu, ya rataya zana a baya, ya zaunar da Ƙoƙi a bayan zanar da mudu da ƙwarya. Sannan ya yi shela cewa duk mai magana a ciki ya zo ya zube ta, ba katsewa, ba "ai ni ma", ba shawara sai in an nema. Mudun gero ɗaya daga la'asar zuwa magariba. Labarin ciwo, a ƙara busasshen kifi. Labarin kishiya ko na gado, mudu biyu, don ba ya ƙarewa.

Ranar farko an yi masa dariya. Rana ta biyu Bushiya ta zo a ɓoye da mudunta. Ta fito fuskarta sakayau kamar wadda aka cire wa ƙaya. Kafin mako ya zagayo layi ya kai bakin ruwa. Kura na ciki, Dila ma ya zo da dare ta bayan gida don kada almajiransa su gan shi.

Jarin Gizo duka kalmomi huɗu ne. In mai magana ya numfasa sai ya ce, "Ikon Allah!" In ya sake numfasawa, "Allah sarki." Na uku, "Daga nan fa?" Na huɗu, "Gaskiyarka." Sai ya koma farko. In an idar ya raka baƙo bakin rumfa da tsamin bakin nan nasa, "Shannu, shannu, Allah ya kawo shauƙi." Ni da nake ba ku labarin nan na san masu digiri da ba su da jarin da ya kai wannan.

Amma sauraro aiki ne, Gizo kuwa ba ya son aiki. A kwana na goma kansa ya fara sarawa. Ciwon ƙugun Kura ya shiga masa mafarki, gadon Zomo ya hana shi cin tuwo. Sai ya koma fadama ya tsinko kan kacala, wanda in ya bushe yake fashewa da laushi kamar audugar rimi, ya dunƙula ya toshe kunnuwansa biyu, ya naɗa rawani a kai. Daga ranar bakin baƙo kawai yake kallo. In ya ga baki ya tsaya, ya jefa kalmar da ke kan layi. Rawanin ma ya ƙara masa kwarjini, aka fara kiransa Malam Gizo, farashi ya hau.

Wani lokaci kalma takan faɗa inda bai kamata ba. Ran nan Zomo ya zo yana kukan an cuce shi a rabon gona, ya buga ƙirji ya ce, "Wato ni ne wawan gidanmu ke nan?" Ya tsaya. Gizo ya duba layi, ya ce, "Gaskiyarka." Ƙoƙi a bayan zana ta dafe ƙirji. Zomo kuwa ya ci gaba da zancensa, don shi ma ba ya jin abin da Gizo ke cewa. Da zai tafi har ya ƙara rabin mudu, ya ce bai taɓa ganin mai fahimta irin Malam ba.

Gero ya taru har Gizo ya gina rumbu. Ƙoƙi ta ce a kai shi kan jigawa, can tudun yashin da ke arewa da gari. Gizo ya ce wa zai riƙa dakon mudu zuwa jigawa kullum? Aka gina shi nan bayan rumfa, a kwari. Aka gina na biyu, aka gina na uku.

Ana nan aka shiga marka. Wasu sun ce a daminar 2022 ne, shekarar da ruwa ya ci garuruwa da gonaki a Jigawa, wasu sun ce kafin nan ne. Tatsuniya dai ba ta riƙe kalanda. Wata la'asar, sama ta yi baƙi ta yamma, sai ga Zalɓe ya sauka a gindin tsamiya, fukafukansa a jiƙe, yana haki.

Zalɓe ba mazaunin garin ba ne sosai, mabiyin kogi ne. Daga ƙasar Kano ya taso. Ya ga an yi kwana da kwanaki ana sheƙa ruwa ba ƙaƙƙautawa, ya ga kogi ya cika ya batse a Wudil, ya ga ya ɓalle a Ringim ya shiga gonaki har kan dawa kaɗai ake hange. Ya san ruwan nan ba shi da wata hanya sai ta fadama, ya kuma ƙiyasta kwana uku ne tsakani. Abin da ya kawo shi ke nan, kuma magana ce da ba ta wuce numfashi ɗaya ba.

Sai dai Zalɓe yana da matsala biyu. Ta farko Allah ne ya yi shi da ita: wuyansa dogo ne, kafin magana ta taso daga ciki ta hau ta iso baki, wani ya riga ya cike gurbin. Ta biyu kuwa shi ya ɗora wa kansa. Ya yi tafiya mai nisa cikin ruwa da iska, yana so a san ya yi ta. Da ya sauka, mamaki ya sa dandali ya yi tsit na ɗan lokaci, abin da ba a taɓa gani ba. Da a nan ya ce "Ruwa na zuwa" da ni ma ban samu tatsuniyar ba ku ba. Amma sai ya ce:

"Wash! Jama'a, ni yau na ga tafiya. Tun asuba nake sama, wannan fiffiken na hagu..."

"Tafiya?" in ji Dinya, tana gyara gashin ƙirjinta. "Yaro, mu za ka gaya wa tafiya? Duk hunturu baƙinmu daga Turai suke zuwa, su ƙetare teku su ƙetare Sahara, a gidanmu suke sauka a Dagona. Ai mu ba ƙananan mutane ba ne. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila da kansa ya zo Dagona kallon tsuntsaye. Wa kuke zato ya zo gani? Kakata. Kuma duk wanda ya san ta ya ce ni na ɗauko wuyanta."

Zalɓe ya jira ta numfasa. Ya tura magana ta fara hawa wuya. "Gwaggo, ba wannan ba ne. Ruwa..."

"Ruwa!" Kunkuru ne ya miƙo kai daga ƙoƙonsa. "Ku yaran yanzu me kuka sani game da ruwa? A zamaninmu ruwa yana da alkawari. Ya zo da damina ya malale fadama, da kaka ya janye ya bar mana laka da kifi, mutane su bi sawunsa su shuka. Ina nan da idona aka datse kogi a Tiga a 1974. Ina nan aka yi farin 1984, na yi kwana arba'in a cikin busasshiyar laka. Ina nan aka ƙara datse Challawa a 1992. Tun daga nan ruwa ya daina zuwa hutu, rani da damina yana tsiyaya, kacala ta samu gindin zama ta toshe hanyoyin da yake bi. Yanzu in babban ruwa ya zo ba shi da inda zai wuce, sai dai ya fantsama gefe ya hau kan mutane."

Ku lura da wannan wuri. Rabin maganar tana bakin Zalɓe, ɗaya rabin ga shi Kunkuru ya faɗe ta a fili. Da an samu mai kunne ɗaya tak ya ɗinke su, da an kwashe kaya a daren nan. Amma Kunkuru ba gargaɗi yake yi ba, shimfiɗa yake wa labarin tsagar da ke bayansa, wadda ya samu a farin nan da saniyar Fulani ta taka shi. Ya juya baya yana nuna wa jama'a tsagar. Jama'a kuwa kowa na motsa baki yana jiran ya gama.

Zalɓe ya juya wurin Dila. "Allah gafarta malam, ambaliya..."

"Madalla da wannan tambaya," in ji Dila. "Ambaliya ta farko ita ce ɗufana ta zamanin Annabi Nuhu, kuma ba kowane malami ya san tsawon jirgin ba. Ni na sani. Ai shi ya sa kullum nake gaya muku, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Amma ku ba kwa jin magana. Ni nawa nake faɗa a garin nan ba a saurara?"

Damo ya gyaɗa kai.

Magariba ta kawo jiki. Zalɓe ya rasa yadda zai yi, sai Kurege ya nuna masa rumfa ya ce, "In magana ce ke cinka, ga inda ake sauke ta. Ni jiya mudu biyu na biya, don labarina ba irin na kowa ba ne." Zalɓe ba shi da gero. Ya koma bakin ruwa ya kamo tarwaɗa uku, ya bi layi, sai bayan isha ya samu shiga.

Ya zauna a tabarma. A karon farko tun da ya zo duniya ya ga fuska tana kallonsa ba ta motsa baki. Daɗi ya kama shi. Ya fara daga fiffiken hagu. Ya bi ta kan iskar da ta kusa jefa shi a kan wata kuka, da shahon da ya yi masa kallon banza a Wudil, da yadda ya kwana a ƙafa ɗaya ba wanda ya ce masa sannu. Gizo na jefa kalmominsa. Sai can da tarwaɗa ta kusa ƙarewa Zalɓe ya tuna, ya ce, "Af, Malam, kuma babban ruwa na tafe. Ya ci Ringim. Jibi war haka yana nan. Duk abin da ke kwari zai tafi."

"Allah sarki," in ji Gizo.

"A gaya wa jama'a su hau jigawa."

"Daga nan fa?"

"Shi ke nan. Ni dai na sauke nauyi."

"Gaskiyarka. Shannu, shannu."

Zalɓe ya fito wasai. Ya faɗa, an saurara, har an ce masa sannu. Bai sake tunkarar kowa da zancen ba. Ya koma bakin ruwa ya ci gaba da kamun kifinsa. Kada ku manta, shi yana da fukafukai.

A duk faɗin garin mutum ɗaya ce ta ji, ita ce mai awo a bayan zana. Ƙoƙi ta ajiye mudu, jikinta ya yi sanyi. Ta jira aka watse, Gizo ya shigo ɗaki ya kwance rawani ya miƙe a gado. Ta ga dunƙulen kacala biyu a kan tabarma, ta tabbata kunnuwan a buɗe suke, sannan ta ce, "Maigida, ka ji abin da Zalɓe ya faɗa? Ruwa na zuwa jibi."

"Ikon Allah!"

"Rumbunanmu uku duk a kwari suke."

"Allah sarki."

"Maigida, ni ce fa, Ƙoƙi."

"Daga nan fa?"

Ta dubi dunƙulen, ta dubi mijinta. Ashe ya daɗe da wuce buƙatar toshi. Ba ta ƙara cewa komai ba.

Nan fa Ƙoƙi ta zauna ta yi lissafi, kuma ba zan ɓoye muku ba, lissafin kanta ta yi. Da asuba ta ɗebi gero ta nufi sansanin masunta, ta sayi manyan gorunan nan da suke kifa ciki a kai su ratsa ruwa, ta sayi duk wanda ta samu. Ta ɓoye su a cikin kacala. Da dare ya yi ta fara jigilar kayan ɗakinta zuwa jigawa, kwanuka da tasoshi da tabarmi, sannan ta bi da geron rumbu ɗaya, ƙwarya bayan ƙwarya. A sawu na bakwai ta yi kiciɓis da Bushiya a hanya.

"A'a, Ƙoƙi, ina zuwa da kaya da tsakar daren nan?"

Ƙoƙi ta tsaya. Ta tuna Bushiya na da 'ya'ya biyar a rami, kuma ramin a kwari yake. Ta buɗe baki. Allah kaɗai ya san abin da za ta faɗa, don ni ban sani ba, ita ma ina jin ba ta sani ba.

"Ai ni ma jiya ban runtsa ba," in ji Bushiya. "Autan nan nawa, tun zazzaɓin nan..."

Ƙoƙi ta rufe bakinta, ta gyara gammo, ta ce, "Allah sarki," ta wuce.

Ruwan fadama ba ya zuwa da ruri kamar na dutse. A dare na uku ya zo, shiru, kamar ɓarawon da ya san gidan. Ya iske hanyarsa a toshe da kacala, kamar yadda Kunkuru ya faɗa, sai ya fantsama gefe. Kura ce ta fara farkawa ta ji ƙashinta na yawo a ɗaki. Kafin a ce haka gindin tsamiya ya zama tafki, ramuka sun cika, kowa na ihun sunan kansa. Sai ga Ƙoƙi a bakin tudu da goruna jere. Mudu biyu kowane kai, wanda ba shi da shi a hannu a rubuta bashi. Ba wanda ya yi ciniki. Dila ya hau gora ɗaya shi da allunansa, Kunkuru da ya iya iyo ya wuce yana gaya wa ruwa cewa na zamaninsu ya fi shi. Gizo ya zo ƙarshe yana kuka, rumbuna biyu sun jiƙe sun zube a kan idonsa, tarwaɗa na wasa a cikin geron. Ya miƙa ƙafa zai hau gora, Ƙoƙi ta ce mudu biyu. Ya ce, "Ƙoƙi, ni ne fa, mijinki." Ta ce, "Gaskiyarka." Sai da ya ba da rawani.

Gari ya waye kowa na kan jigawa, a jiƙe, ana kallon inda gari yake jiya. Kan tsamiya kaɗai ake gani. Bushiya ta jera 'ya'yanta ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Huɗu. Ta ɗago kai ta ce, "Jama'a, autana..."

"Ke bari," in ji Kura. "Ni ƙafar saniya guda na binne jiya jiyan nan."

Dinya ta ce ruwan ya ɓata mata sheƙar da ta gada daga kakarta. Zomo ya ce gonar da aka cuce shi a kanta ma ta tafi, yanzu a kan me zai yi ƙara? Ana cikin haka Zalɓe ya sauko daga sama, a bushe, ya tsaya a tsakiya. Wannan karon maganar ba ta daɗe a wuya ba.

"Ai na faɗa."

Aka yi ca a kansa. Dila ya ce a yi shari'a, ya zauna a kan allo ya zama alƙali. Ya tambayi Zalɓe wa ya gaya wa. Zalɓe ya nuna Gizo, ya ce har tarwaɗa uku ya biya. Aka juya ga Gizo. Gizo ya share hawaye ya ce, "Allah gafarta malam, kuɗin shauraro ya biya. Na isharwa daban ne, bai tambaya ba." Dila ya yi shiru, don a ransa ya ga hujjar ta yi kyau, yana ma baƙin cikin ba shi ya kawo ta ba. Ya ce to Zalɓe ya maimaita wa jama'a abin da ya faɗa, kalma da kalma. Zalɓe ya miƙe wuya ya ce, "Tun asuba nake sama ran nan, wannan fiffiken na hagu..." Hayaniya ta ɓarke, shari'a ta watse.

A cikin hayaniyar nan aka ji wata murya da ba a taɓa ji ba, a dishe kamar tsohuwar ƙofa.

"Ina da magana."

Damo ne. Jigawa ta yi tsit. Har Kura ta rufe baki. Shekara da shekaru yana kwance yana sauraron kowa, yau ga masifa ta sauka, sarkin haƙuri zai yi magana. Dila ya sauko daga kan allo. Kunkuru ya miƙo wuya. Damo ya lashi baki, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya ce:

"Ran nan da ake zancen zazzaɓi, tun ran nan nake jira ku numfasa. Ni ma na taɓa yin wani zazzaɓi."

Ya ba da labarinsa har azahar. Ba wanda ya ji ƙarshensa, don tun a tsakiya kowa ya tuna nasa.

Da la'asar aka ga Ƙoƙi tana kafa sanduna a kan jigawa, Gizo na yanko mata kacala a bakin ruwa, kansa ba rawani. Kafin magariba rumfa ta tsaya, layi ya miƙe. Yanzu kowa na da labarin ambaliya, saboda haka mudu uku ne, kuma ana karɓar bashi.

Bushiya ba ta da mudu, tana ma da bashin gora biyar a kanta. Ta bar layin ta gangara bakin ruwa. Can ta hangi Zalɓe tsaye a ƙafa ɗaya, wuya a naɗe, ya yi fushi da gari ya rantse ba zai ƙara yi wa kowa magana ba. Ta matsa kusa da shi. Ta ce, "Autana ne." Ta jira a katse ta. Zalɓe bai motsa ba. Sai ta ci gaba. Ta faɗi ranar da ta haife shi, da yadda ƙayarsa ta fito da laushi, da daren zazzaɓi, da yadda ya warke har ya fara bin yayyensa kiwo, da yadda a daren ruwa ta kama shi da baki ya suɓuce. Ta faɗa duka, daga farko har ƙarshe, ba wanda ya ce mata ai ni ma. Zalɓe na tsaye kamar an dasa shi, kansa a sunkuye, idonsa ƙur a wuri ɗaya.

Da ta gama ta share fuska ta ce, "Na gode, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri."

Zalɓe ya cilla baki cikin ruwa, ya ɗago da karfasa tana wutsil-wutsil.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya.